Kwalin da Auta Ya Aiko

…kuma abin haushin, daidai ka sayo. Daidai wa daida. Da ma kuskure ka yi, Auta. Da ma kebur ɗin ya gaza, da ma soket ɗin ya ƙi shiga, in fito daga ƙarƙashin motar nan in goge hannuna in ce, Baba, ka ga abin da autanka ya aiko, ba na irin motarka ba ne. Shi ke nan. A rufe kwali a mayar. Kowa ya huta.

Ina! Komai ya zauna ɗas, kamar da shi aka ƙera ta.

Ni na ja wa kaina. Kai ne ka riƙa kira kana tambaya — Yaya, wane inji ka sa mata? Yaya, totur ɗinta na kebur ne? Yaya, giyar fa? — ni kuma baki har kunne, ina ta zuba kamar famfon da ya lalace. Na ɗauka aikina kake yabawa. Na ce yau ƙanina ya san abin da wansa yake yi a gareji. Ashe awo kake ɗauka.

Na'urar riƙe gudu. Kurus, in ji ka. Mutum ya kai gudun da yake so, ya danna maɓalli, ya ɗauke ƙafarsa daga totur, mota ta ci gaba da tafiya da kanta. Don ƙafar Baba ta huta. Don Baba ya iya doguwar tafiya. Zuwa ina? Zuwa ina kuwa in ba wajenka ba?

Shi kaɗai. Wannan ce kalmar da ba a rubuta a jikin kwalin ba.

Ɗigon baƙin mai a kumatuna. Daga ina kuma… a'a, tsohon ɗigo ne, ba yoyo ba. Motar nan ba ta yoyo. Ni na ɗaure ta.

Maganaɗisu guda biyu a jikin farfela, su za su riƙa gaya wa na'urar gudun da ake yi. Goge wurin tukuna. Gam. Danna. Riƙe… riƙe har ya kama. Bayana a kan kwali, kwalin a kan siminti, simintin da sanyi. Kai kana ina yanzu? Ofis. Kujera mai juyawa. Ba na ƙyashin kujerarka, wallahi ba ita ba ce. Ka zauna a kanta har ta gaji da kai.

Ka san yadda na same ta? Ba ka sani ba, kana makaranta. Bayan gida, ƙarƙashin tamfol, tun ranar da injinta ya buga. Tayoyi sun kwanta, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunta, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Inna, Allah ya jiƙanta, kullum sai ta ce a kira masu sayen ƙarfe su kwashe wannan tsiyar, ta samu wurin shanya. Baba ya ce sai dai a haɗa da shi a auna. Dattijuwa, haka yake ce mata. Dattijuwa ba ta mutu ba, barci take yi.

Ni na tashe ta. Ni. Na ja ta da igiya zuwa nan, yara suna bin mu suna dariya. Na tuɓe ta har ƙashi. Injin wata mota ta zamani na dasa mata, sai da na yanka na ƙara na sake yankawa kafin ya yarda ya zauna. Birki sabo gaba da baya. Waya gaba ɗaya na zare, ɓeraye sun cinye ta, na ja sabuwa tun daga fitilar gaba har zuwa but. Da gwiwar Baba ta hagu ta fara ƙin kuloci, wa ya cire kulocin? Wa ya nemo giya mai canja kanta, ya kwana nawa yana daidaita ta? An kira wani a waya ranar nan an ce ka ji abin da ɗana ya yi min?

An ce, yauwa. Yauwa kawai. Kamar na miƙa masa ruwa.

Amma yana zuwa. Wannan kam ba zan ci amanarsa ba, yana zuwa. Kowace yamma, benci can gefen ƙofa, ya zauna ya harɗe ƙafa. In ce Baba miƙo min sifana sha uku, ya miƙo sha bakwai. In karɓa, in yi kamar ina amfani da ita, in lallaɓa in ɗauki tawa. Ya yi ta ba ni labarin ranar da ya sayo ta, yadda Inna ta ƙi shiga don tsoro. Labari ɗaya, kullum da sabon ƙarshe. Ban taɓa gajiya ba. Shekarun nan… da ma ban gama ta ba. Da ma har yau akwai abin da ya rage.

To ga shi an samo min abin da ya rage.

Gam ya kama. Ɗaure da waya a sama don kada gudu ya wurgar da su. Sai ɗan idon da ke karanta su, a matso da shi kusa, kada ya taɓa, kada ya yi nisa. Kusa amma kada ya taɓa. Noti. Ɗan ƙara. Ya isa.

Hoton falo. Ka tuna shi? Ranar da aka gama fenti, ka zo hutun ƙarshen mako, ka jingina da bonet, Baba ya dafa kafaɗarka, ku biyu kuna dariya, koren fenti yana ƙyalli a bayanku. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya. Kai, Alhaji, wannan mota! Wannan ne autan? Tubarkalla. Ni na ɗauki hoton. Shi ya sa ba na ciki. Duba kusurwar ƙasa ta dama in ka zo, akwai wani duhu-duhu. Babban yatsana ne. Da baƙin mai. Iyakar rabona ke nan a bangon gidanmu.

Kura da shan bugu…

Fita. Bayana ya ƙage. Tsufa nake yi ni ma, wa ya lura? Furfura a gemu, gilashin karatu a aljihu, amma har yau in ya kira ni sai in ji kamar an kama ni ina satar sukari.

Bonet. Nan gefen batir akwai fili, kamar don shi na bar shi. Ɗan injin da zai riƙa jan totur, girmansa bai fi dunƙulen hannu ba. Wannan ne zai maye gurbina? Wannan? Huda biyu a jikin sabon fenti. Hannuna yana ƙi. Fentin da na shafa da tafin hannuna ina neman ƙura kamar mai duba zazzaɓin jariri. Huda dai. Ka ji ƙarar? Ba ka ji ba. Kai sai dai a gaya maka an gama.

Kullum haka ne. Tun muna yara. Safiya mai sanyi, mota ta ƙi tashi. Kai, Babba, sauka ka tura. Ni a baya, kafaɗa a jikin but, hayaƙi a fuskata, takalmin makaranta yana zamewa. Kai kuma a cinyarsa, hannuwanka ƙanana a kan sitiyari, kana vuuu da baki. Ta tashi. Ya ce, kun ga, Autana ya tayar da mota! Na biyo da gudu na buɗe ƙofa tana tafiya. Ina dariya. Ni ma dariya nake yi, ka gane? Ban san akwai abin jin haushi ba a lokacin. Daga baya ya zo. A hankali, kamar tsatsa, ta ƙarƙashi.

Autana. Kai kana da "na". Ni fa? Da Babba ne, yanzu Bakanike. Kai, Bakanike, zo ka ji wannan ƙarar. Ba a taɓa liƙa min "na" ba. Ƙaramin abu, harafi biyu. Namiji da 'ya'ya har da mai shirin aure yana ƙirga haruffa a gareji… tir.

Kebur zuwa totur. A bar masa ɗan sako-sako, kada ya ja da kansa, kada kuma ya maƙale in an taka. Ja. Saki. Ja. Saki. Yana komawa lafiya. Komai lafiya, abin takaici.

Maman yara ta gano ni tun ranar da kwalin ya iso. Ina ta juya shi a tsakar ɗaki ina neman aibu. Ta ce, kishi kake da ƙaninka. Na ce ni? Tsoro nake ji, tsoho ne, ƙafarsa tana mutuwa. Ta ce, to je ka ce masa tsoro kake ji mana. Ta ci gaba da ninke kaya. Ba ta ko ɗago kai ba.

Kuma gaskiya ce ai! Ba ƙarya na yi ba. Ƙafar dama tana yi masa nauyi, ta yi sanyi, ya ce kamar ba tasa ba. To in ya ɗauke ta daga totur ya ajiye ta gefe ta yi barci, sai ga babbar mota ta tsaya a gabansa — zai same ta a kan lokaci? Za ta tashi ta kai birki? Ka yi wannan tunanin, Auta? Ka yi? Ko kuwa kai dai ka ga abu mai kyau ka ce wannan zai faranta wa Baba?

Ka yi. Na san ka yi. Ka tambayi likitansa ma, ya ce takawa na tsawon lokaci ne ke kashe ƙafar, in tana hutawa ta fi saurin motsi. Ka kira ni ka gaya min, da ladabinka, Yaya me ka gani? Ko nan ba ka bar min ƙofa ba. Mutum ya rasa inda zai kama ka. Da mugu ne kai da na ji daɗi.

To wanne ne nawa? Tsoron ne, ko ɗayan? Na sa hannu in raba su, sun naɗe kamar waya biyu cikin salatif ɗaya.

Tafiyar nan fa ita ce tawa. Ita kaɗai. Duk ƙarshen wata in rufe gareji, in zo in ɗauke shi mu nufi wajenka, rabin yini a hanya. Zuwa, hirarka. Autana ya ce, Autana ya yi, 'yar Autana ta fara tafiya. In ce ikon Allah, in ce madalla. Dawowa, barci, baki buɗe, hula a gwiwa. Wani zai ce me ke ciki? Direba ne kawai ba albashi.

Amma bayan gadar nan, wajen masu lemo. Kullum sai ya ce tsaya. Ya saya, ya ɓare da farcensa, ƙamshin ya cika motar. Sai dai in ji an taɓa hannuna, in buɗe tafi, ya sa min ɓari ɗaya. Ya cire zaren jikinsa tukuna, ya san ba na so. Ya sani! Ban taɓa gaya masa ba. In ci, in sake buɗe hannu, ya sake sawa. Idona a kan titi, nasa a kan lemo. Babu kai a ciki. Wannan ɗan tsakanin, daga gada zuwa inda lemon ya ƙare, babu kai.

Shi ka aiko a ɗauke. A cikin kwali, da soso a gefe don kada ya fashe.

Ranar da ya gaya min zai riƙa tuƙa kansa, murna yake yi. Ka ga sai in sauwaƙe maka, Bakanike. Ka daina rufe wajen sana'arka saboda ni. Sauwaƙe! Wa ya ce masa nauyi ne? Na taɓa yin tsaki? Na taɓa duba agogo? …Na taɓa. Sau ɗaya ko biyu, lokacin da aiki ya taru. Ya gani ke nan? Tsohon nan yana ganin komai ta gefen ido. To me ya sa bai ga sauran ba?

Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Ƙarƙashin sitiyari yanzu. Kai a ƙasa, ƙafafu a waje, tocila a baki. Warin tsohuwar kujera da turarensa. Jar waya zuwa fis, wanda ke samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa zuwa jikin mota. Wannan siririyar daga idon farfela take.

Wannan siririyar…

In na bar ta ba a haɗe ba fa? In tura ta bayan kafet, in naɗe bakinta. Ba abin da zai faru. Ba haɗari, ba komai. Zai danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. In ɗaga kafaɗa in ce, Baba, kayan zamani ke nan, ba sa jituwa da tsofaffin motoci. Wa zai sani? Duk garin nan wa zai buɗe aikina ya duba? Ya ɗan damu kwana biyu. Ƙarshen wata in zo in yi masa hon a ƙofar gida kamar kullum.

Ga ta a hannuna. Ba ta kai kaurin tsinken ashana ba.

Fuskarsa fa? In ya danna ya ji shiru. Yadda leɓensa na ƙasa yake yi in abu ya ba shi kunya, ya shiga gyaran hula ba dalili. Sannan ya kira ka ya ce, ba komai Autana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Ka ga? Ko a hakan kai za a sa wa albarka. Ko ta ina aka juya ta, kai ne a sama. Hassada ga mai rabo…

Haɗa. Haɗa kawai, malam. Ta shiga, ƙyas.

Saura ta birki. Wannan ita ce rai. Da ya taɓa birki, ko da ɗan shafa ne, dole na'urar ta saki totur nan take. In wannan ta kwance a hanya, mota za ta ci gaba da ja yana takawa, tana ja yana takawa, tsoho shi kaɗai a cikin —

sai a ce abin da Auta ya aiko ne.

A'uzu billahi. A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Daga ina wannan ya fito? Ba ni ba ne. Ba ni na faɗa ba. Wucewa ya yi kawai, kamar ƙuda, ban kira shi ba… Baba ne fa. Baba! Wanda ya goya ni a wuya ranar da ƙusa ta shige min ƙafa, yana gudu yana haki, jinina a rigarsa. Ya goya ni. Ni ma an taɓa goya ni, me ya sa ba na tuna wannan sai yanzu?

Tocila ta faɗi. Tsaya. Numfasa.

Ba matsewa da filaya ba, wannan dalma za ta sha. Kawo abin liƙi. Jira ya yi zafi. Hayaƙin yana shiga idona, shi ne ya sa suke ruwa, shi ne. Liƙa. Ja da ƙarfi — ba ta motsi. Sake ja. Rufe da roba, naɗe da salatif, ɗaure a jikin ƙarfe don kada ƙafarsa ta taɓa ta. Ƙara makashi a gefe, maɓallin kashe na'urar gaba ɗaya, ja, babba, inda hannunsa zai kai ko ido rufe. Ba ya cikin kwalinka wannan. Nawa ne. Ba wanda zai tambaya.

Taka birki. Ta saki. Taka. Ta saki. Taka. Taka. Taka…

Ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Sandarsa. Tun daga ƙofa na san ta. Ya zo da wuri, ya kasa haƙuri. Dube shi don Allah — riga mai guga, hular fita, turare har nan. Don gwajin mota! Kamar mai zuwa neman aure.

"Bakanike, an gama?"

An gama, Baba.

Bai tambayi yadda aka yi ba. Yana shafa 'yar sandar maɓallan da na ɗaura a gefen sitiyari, da yatsa ɗaya, a hankali. Yaron nan, in ji shi. Yaron nan akwai tunani.

Sauke ta daga jak. Wanke hannu. Na buɗe masa ƙofar direba, ya shiga da ƙyar, ya ɗago ƙafar daman da hannu biyu ya ajiye ta. Na ga wannan. Kai ba ka taɓa gani ba, in ya zo wajenka a miƙe yake shiga, yana wasa da 'yarka. Ni ake bar wa ɗaga ƙafa. Ya jingina sandar a tsakanin kujeru. Na zagaya. Kujerar mai zaman banza. Rabona da ita a motar nan… ban ma san yadda ake zama a cikinta ba, ƙafata sai neman feda take yi a ƙasa.

Titin bayan gari, miƙaƙƙe, ba kowa. Yana tuƙi kamar yadda ya saba tun da, hannu ɗaya a sama, gwiwar hannu a taga. Injina yana waƙa. Ji shi. Ko ƙwarzane babu. Allura tana hawa. Nan ya isa, Baba, danna na saman. Yanzu ɗauke ƙafar.

Ya ƙi. Yana tsoro. Ɗauke mana, ina nan.

Ya ɗauke.

Ba ta rage ba. Ba ta ƙara ba. Ga ɗan tudu — na ji kebur ya ja kaɗan, ta haye abinta, allura ko gezau. Aiki ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya isa tsakanina da hannuna.

Dariya yake yi. Wayyo, irin wannan dariyar… tun rasuwar Inna ban ji ta ba. Yana kallon ƙafarsa, yana kallon titi, yana motsa yatsun cikin takalmi. Yana dukan sitiyari da tafi. Ka gani? Ka gani, Bakanike? Ba na taka komai! Na gani, Baba. Taɓa birki mu gani. Ya taɓa, ta saki nan take. Ƙafar ta kai da sauri, ta fi yadda na zata. Ta fi yadda na… so? A'a. Zata. Zata na ce.

Ina murna. Wallahi ina murna, ga ta nan a ƙirjina, da zafinta. To me ya sa ɗayan bai matsa mata ba? Suna zaune tare a kujera ɗaya.

"Kira min Autana."

Tabbas. Da ma na sani. Wayata, kuɗin kirana, hannuna ne zai riƙe masa ita kusa da baki don kada ya saki sitiyari. Tana ringin. Kada ka ɗauka. Kana taro, kana wanka, wayar tana caji a wani ɗaki…

Ka ɗauka. Bugu ɗaya.

Abinka ya yi, Autana! Ya yi! Ga ni ina gudu ƙafata tana hutawa kamar ta sarki! Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka. Hannuna ya fara sagewa. Albarkar tana wucewa ta cikin tafina, ina jin ɗuminta a jikin wayar, tana tafiya wani gari.

Sai muryarka, ƙarama, daga cikin ramukan wayar. Yaya yana kusa? Yaya, sannu da aiki. Ni aike kawai na iya. Kai ne kake da shi kullum, ni sai dai in ji muryarsa… wallahi wani lokacin har haushinka nake ji.

Ka yi 'yar dariya. Ba ta kai dariya ba.

Haushina? Ni? Me zan ce? Na ce uhm. Na ce a gaida gida. Na kashe.

Haushina kake ji. Kai. A'a, kada ka ƙwace min wannan ma, Auta. Shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda ba ka da shi. Ka bar min abina. Me ka sani game da kullum? Kullum ita ce maganin safe da na dare, kullum ita ce ɗaga ƙafa, kullum ita ce yauwa. Kana so? Zo ka ɗauka. Zo mu yi musaya, ka ba ni ƙarshen wata da rigar guga da turare…

Zan ba ka kuwa? In da gaske ka zo karɓa?

Mun juyo. Tun da aka kashe wayar murmushi yake ta yi. Ya tsaya a ƙofar gareji, bai kashe inji ba. Yana gyaran hula.

"Sauka in ɗan zaga ni kaɗai. Gobe da sassafe zan kama hanya, gara in saba."

Gobe. Ba ma ƙarshen wata ba.

Baba, jan makashin nan na gefe, in ka ji wani abu — Na gani, na gani. Baba, kada ka sa shi cikin gari, sai a buɗaɗɗen titi. Na ji. In ana ruwa kuma — Kai, Bakanike, ni na koya maka tuƙi fa.

Shi ya koya min. Haka ne.

Na sauka. Na rufe ƙofa a hankali, yadda take so. Ya ɗaga min hannu bai juyo ba. Tana tafiya. Koren yana ƙanƙancewa, rana a gilashin baya, kan tsoho ɗaya a ciki, kujerar gefe ba kowa. Sigina. Ya sa sigina, ba mota ko ɗaya a titin amma ya sa. Ta sha kwana.

Ƙura tana sauka. Maƙwabcina mai faci yana min magana, ban ji me ya ce ba. In shiga in tattara kaya. In share wajen. Kwalin nan ma a jefar da shi, ya gama aikinsa. In shiga…

Me ke hannuna?

Sandarsa.

Ya manta — a'a. Tana tsakanin kujeru. Can ya jingina ta, na gani da idona. Bai miƙo min ba. Ban ji ya ce riƙe min ba. To yaushe… da na buɗe ƙofa? Da nake maganar ruwan sama? Hannun nan, hannun da ya liƙa wayar birki, shi ne ya…

Ba zai iya fita daga motar ba sai da ita. Duk inda ya tsaya. Ko ƙofar gida ce, sai ya zauna a ciki yana neman wanda zai kama shi. Dole ya dawo nan. Dole ya dawo ta wajena.

Mariƙinta da ɗumi har yanzu. Nasa ne ko nawa, ban sani ba.

In kira shi? Yana tuƙi. In bi shi da babur? Ta wace hanya? In tsaya nan. In tsaya kawai a bakin titi, da furfurata, da sandar ubana a hannu, ina sauraron injin da na sani a cikin duk injunan garin nan… in ya dawo in ce masa me? Ka manta, Baba? Na ɗauka, Baba?

Ƙafafuna sun gaji. Bari in ɗan dogara da ita.